Gefen da Aka Kayar da Kai

Ƙarar ce ta fara kama ni, tun kafin in gane abin da nake kallo. Ƙanena da ke zaune a Kanada ne ya turo mini bidiyon ɗansa, ɗan wasan gefe a ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wani ƙato ya haɗa shi da katangar fili, ji kake ƙum. Daga baya ya kira ni, murya a sanyaye. Wai masu zaɓar wa manyan kulob 'yan wasa sun ce yaron ba shi da tauri, tunda bai taɓa naushin kowa ba. Shi kuma yana so ya cire shi daga wasan tun bai karye a banza ba. Ya ce, "Yaya, kai me ka gani?"

Ni da ƙanƙarar firji kaɗai na sani, sai ƙarar nan ta mayar da ni filin ƙwallon ƙafa na unguwarmu Gumani da damina, ina yaro, jar ƙasa tana manne wa ƙafa, ƙamshin man kaɗe yana tasowa daga gidajen da mata ke dafa shi. Kawuna ne ke zaɓar waɗanda za su buga mana da 'yan unguwar Jisonayili bayan Sallah. Gurbin gefen dama ɗaya ne, mu biyu muke nema: ni, siriri kamar kara, da ɗan wani mahauci, ƙaƙƙarfa, wanda duk unguwa ke tsoron hannunsa. Ni kaina shi zan zaɓa da an tambaye ni.

Kawu yana da tasa hanyar. Yakan ajiye mai tsaron bayan da ya fi kowa mugunta a gabanka, ya koma ya jingina da kekensa yana cin goro. Ba ya bin ƙwallo da ido, mutum yake kallo.

Ɗan mahauci ne ya fara. Da aka kwashe masa ƙafafu sai ya miƙe da naushi, yara suka yi ta shewa. Amma daga nan ya koma tsakiyar fili da wasa. Da aka zo kaina, na ci ƙasa har a baki, kuma gaskiya na ji tsoro. Sai dai gefen nan kaɗai na iya, don haka da ƙwallo ta dawo na sake bin layin. Aka sake kayar da ni.

Da yamma Kawu ya kira sunana, mutane suka fara gunaguni. Ya tofar da goronsa ya ce, "Wancan yana da hannu, amma ya bar mana gefe ba kowa. Wannan ya koma inda aka buge shi. Shi nake so."

Yau filin ya zama gidaje da shagunan cajin waya, Kawu ma ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Na sake buɗe bidiyon, wannan karon na bar shi ya wuce wurin ƙarar. Yaron ya miƙe, ya gyara hular kwanonsa, da aka turo masa ƙwallo ya sake bin jikin katangar nan, ƙaton yana jiransa. Daɗi ya cika ni.

Na kira ƙanena na ce, "Ka bar shi ya buga. Ka tsaya kana kallon inda ya faɗi ne, ni na ga inda ya koma."