Tumatirin Tsoho Sabato

Duk wanda ya gaisa da Gerardina sai ya sake duban hannunta. Ja ne wur har gwiwar hannu, fatar ta yi kauri kamar ta tafin ƙafa. Tun tana budurwa take aiki a gidan cuku na hanyar Battipaglia, inda ake yin cukun mozarela da nonon ɓauna. Aikin ba shi da wuyar faɗa. A kwara wa cukun tafasasshen ruwa, a tuƙa shi har ya yi danƙo, sai mutum biyu su kama, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya tsinko dunƙule da yatsu ya jefa a ruwan sanyi. Haka tun asuba har rana ta take. Ta taɓa aure. Mijin ya tafi arewa neman aiki, ya samu, bai dawo ba. Ba ta bi shi ba, ba ta kuma zauna kuka ba. Ta kwashe kayanta ta koma gidan ubanta, washegari ta tafi aiki.

Ba ta da yawan magana. In ta ce za ta zo, to ta zo. Shi ya sa abin da ya faru bana ya tsaya mata a rai.

Ubanta, tsoho Sabato, yana da ɗan lambu a bayan gari, bakin magudanar ruwa. Abin da ya fi ji da shi a ciki tumatir ne, irin da marigayiya matarsa Filomena ta zo da shi daga ƙauyensu na kan dutse, ƙulle a ƙyalle, tun tana amarya. Mummunan tumatir ne, mai tsagi-tsagi, kafaɗarsa kore ko ya nuna, ba ya jure tafiya. Amma wanda ya ci shi sau ɗaya ya daina yabon na kasuwa. Kowace shekara tsohon yakan zaɓi manyan, ya matse 'ya'yan a farin ƙyalle, ya shanya a inuwa. Bana danshin hunturu ya ruɓar da ajiyar, ɗan abin da ya tsira ya shuke shi kaf. Irin Filomena duk yana cikin kunyoyin nan, babu ko ƙwaya a gida.

A watan Yuni Sabato ya faɗo daga tsani, ƙugunsa ya karye. Ana tura shi cikin motar asibiti yana riƙe da hannun 'yarsa.

“Da yamma za ki ba su ruwa. A gindi. Kada ki jiƙa ganyen.”

“Na ji, Baba.”

“Ba ji nake nema ba.”

Ta kuwa yi ta ba tumatirin ruwa har Yuli ya fita. Sai Agusta ya shigo, baƙi suka cika bakin teku, kowane otal yana neman cuku, aikin da ake tashi da azahar ya koma la'asar, daga nan kuma sai asibiti. Wata rana ta ce gobe. Goben ta ce jibi. In za a faɗi gaskiya, ba aikin ne kaɗai ba. Akwai yammacin da ta zauna a ƙofar gida, ƙafafunta cikin roba da ruwa, tana kallon hanyar lambun, ba ta tashi ba. A makon ne iskar kudu mai zafi ta taso. Ranar da ta je, ganyen ya zama kamar taba, tumatirin ya yamutse a jikin kara, wani ya zube ƙasa. Ta kunna tiyo duk da haka, ta tsaya tana ba gawa ruwa.

A asibiti yakan tambaya, “Yaya tumatir?”

“Suna nan.”

“Sun fara ja?”

“Sun fara.”

Matar da ba ta iya ƙarya ba, sai ga shi bakinta ya saba.

An sallame shi ana gobe hutun tsakiyar Agusta, a keken guragu, da gargaɗin kada ya taka ƙafar. Tun a mota ya faɗi abin da yake so ya ci. Ya gaji da romon asibiti. Tumatirinsa yake so, da kokwamba, da cukun da ta tsinka da hannunta.

Da safe ta bi ta kasuwa, ta tsaya gaban teburin Aniello mai kayan miya, wanda suka yi firamare tare. Akwai wani tumatir na kamfani mai tsagi, a ido kamar nasu.

“Wa nake gani?” in ji Aniello. “'Yar Sabato a gaban tumatirina? Ba ubanki ne ya ce nawa ruwa ne aka shafa wa jan fenti ba?”

“Auna min, ka rage surutu.”

“Baƙi kuka yi, ba kwa so su cinye muku na kirki?”

“Zaɓo masu koren kafaɗa.”

Ya dube ta, dariyar ta tsaya. Ya zaɓo, ya naɗe a takarda, ya miƙa mata. Wannan kallon ya fi mata tsokanar ciwo.

A kicin ta juye su a kwandon lambu, ta cusa takardar a shara. Ta fere kokwamba, ta yanka, ta barbaɗa gishiri ta bar ta ta tsane. Cukun kuwa cikin ruwansa ta zo da shi, bai ga firji ba, don a gidan nan sa mozarela a firji kamar zagin wanda ya yi ta ne. Ta yayyaga shi da hannu, farin ruwan yana bin yatsunta. Ta yanka tumatir manya-manya, ta tsinka ɗoɗɗoya a kai, ta zuba man zaitun. Akushin ya yi kyau, ja da fari da kore. Ta ajiye a gabansa tare da burodi, ta koma bakin famfo tana wanke wuƙar da ta riga ta wanke.

Ya ci loma ɗaya. Ya daɗe yana taunawa.

“Gishiri ya ji,” ya ce.

Ya ci gaba da ci, har ya dangwale romon da burodi. Sannan ya nuna kwandon da haɓa.

“Miƙo min babban can. Ki ɗauko farin ƙyallen uwarki a durowa.”

Ta kawo. Ya shimfiɗa ƙyallen a tebur, ya raba tumatirin biyu, ya shiga matse 'ya'yan, yana baza su da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta ga yana yi tun tana yarinya. Bai bar ko ƙwaya ta faɗi ba.

Gerardina ta san irin kamfani. Ko ya tsiro, ba ya haifar kamarsa. In ta yi shiru, tsohon zai shanya wannan, ya adana shi duk hunturu, ya shuka a Maris, ya yi ta ban ruwa da karyayyen ƙugu yana jiran tumatirin matarsa. Sai ta goge hannu, ta ɗauko hularsa ta kifa masa, ta kama keken ta baya.

“Ina za mu a wannan rana?”

Ta tura shi suka fita, suka wuce coci, suka bi hanyar ƙasa, tayoyin suna nutsewa a ƙura, gumi ya jiƙe mata riga. A bakin lambun ta tsayar da keken, ta koma gefe.

Sabato ya bi kunyoyin da kallo, daga ta farko har ta ƙarshe. Ya cire hular, ya mayar.

“Ban ba su ruwa ba,” ta ce. “Ba iska ba ce. Ni ce.”

“Tun a loma ta farko na sani, Dina. Na Aniello ne. Shekara nawa ina zagin abin nan, a ce ban san shi a bakina ba?”

“Me ya sa ka matse shi?”

“In ga ko za ki bar ni in shuka.”

Ta sunkuyar da kai. Ta jira faɗa, da ma ya yi, ta huta. Bai yi ba. Idonsa na kan ƙasa, gindin karan da ke kusa da ƙafarsa.

“Durƙusa,” ya ce. “Waɗancan da suka yamutse. Ba koren ba, wanda ya riga ya yi ja kafin ya mutu. A'a, wannan tsuntsu ya ci. Na bayansa.”

Ta durƙusa a ƙasar mai ƙuna, tana tsinta tana zubawa a gaban rigarta, shi yana nuni da yatsa. Yawanci sun yi baƙi, fata ce kawai babu komai ciki. Kaɗan ne suka yi ɗan nauyi a hannu.

“Za su tsiro?”

“Ni na halicce su? Sai Maris a sani.”

Da suka koma gida ya sa ta kakkaɓe wa kaji abin da ke kan ƙyallen, ta wanke shi tas. Ta jiƙa busassun a ruwan ɗumi har suka saki, ta murje su a tafin hannunta. 'Ya'yan da suka fito ba su cika cokali ba, wasu ma sun yi baƙi. Ta baza su a ƙyallen, ta kai inuwar taga.

Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta roƙa ba. Tun daga ranar, in ta dawo daga aiki, kafin ta cire takalmi sai ya kira daga ɗaki.

“Juya su, kada su manne.”

Sai ta je ta juya.