Dona Leocádia, Wadda Ta Ƙi Sayar da Kan Ciyawa

Mutanen Barra do Cedro ba su da yawa, kuma kusan duk dangin juna ne. Bauta da fari ne suka koro kakanninsu, suka shige cikin rairayin Jalapão inda mai nemansu zai gaji ya koma. Lokacin da aka turo ni koyarwa garin, babu kwalta, babu asibiti, babu aikin da namiji zai riƙe gida da shi daga girbin rogo zuwa wata damina. Abin da suke da shi fadama ce, da ciyawar da ke tsirowa a gefenta, siririya kamar tsinken tsintsiya, wadda idan ta nuna take ƙyalli tamkar zinare. Da wannan ciyawa gidan Dona Leocádia ke ci, ke sha, ke sa yara a makaranta. Bana idanunta suka gaza, ta miƙa allurarta ga surukarta. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana iya ji da kunnenta.

Kullum da safe takan sha gahawarta da ɗan gutsuren mazarƙwaila, ta ja kujera zuwa gindin mangwaro, ta jiƙa damin ciyawa a kwano don ta yi laushi. Kowa a gidan da nasa aikin. Ɗanta Genivaldo shi ke hawa buriti, giginyar fadama, ya yanko toho ɗaya tak daga kowace bishiya, ya bar ta ta huta. Matarsa Nilza ke tsage tohon ta fitar da zare ta shanya. Ita kuwa tsohuwa ta naɗa ciyawa ta ɗinke, ta naɗa ta ɗinke, har 'yan kunne su fito, ko awarwaro, ko sarƙar wuya. Ba ta sauri, ba ta kuma tashi sai rana ta kore ta daga inuwar.

Doka ɗaya ce a gidan, kuma ba ta lanƙwasuwa. Kowane kara na ciyawar yana da ɗan farin kai a samansa kamar maɓallin riga, a ciki iri yake, ƙanana kamar gari. Ba a girbi sai ƙarshen Satumba, lokacin da kan ya bushe. Idan an girba, nan take a bakin fadama ake yanke kawunan da almakashi a watsa su a ƙasa. Kara kaɗai ke shiga gida.

Ina wurin ranar da aka gwada wannan doka, na kai awarwarona a gyara mini. Seu Osmar, ɗan kasuwar da ke zuwa daga birni yana kwashe kayan gidan, ya tsaya yana duba sarƙoƙi. Sai ga jikarta Jucélia, 'yar Genivaldo, ɗalibata a aji uku, ta shigo da gudu. 'Yan kunnenta sun faɗa rafi, sai ta tsinko karan ciyawa da farin kansa ta soka a hujin don kada ya toshe. Seu Osmar ya ajiye sarƙar da ke hannunsa.

"Dona Leocádia, wannan yarinyar ta fi ku duka basira! Dubi abin da ke kunnenta."

"Na gani," in ji tsohuwa. "Ita ta tsinko abinta, kuma za mu yi maganar da ita anjima."

"Wace magana? Kyauta za ki ba ta! Ki yi mini irinsa, da farin kan yana lilo. Matan birni sai sun yi dambe a kansa. Duk abin da kuka ɗinka na saya, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Amma fa kan ya zama fari tas, ba busasshen da ke marmashewa ba. Ku yanka tun watan Agusta."

Dona Leocádia ta zare tsinken daga kunnen yarinyar ta ɗaga masa.

"Ka ga wannan farin abin, Seu Osmar? 'Ya'yan ne a ciki. In na sayar maka da uwa na haɗa maka da 'ya'ya, baɗi me zan sayar maka? Rairayi?"

"Haba Dona, fadama guda! Shanu ma ba su cinye ta ba."

"Shanu ba su da mota."

Ya yi dariya, a zatonsa ciniki ne ake ja. Da ya ga ta koma kan ɗinkinta, dariyar ta ɗauke. Ya ce in ba za a yi masa sabon ba, tsohon ma ya fasa ɗauka. Ya hau motarsa ya haye rafi zuwa wurin mutanen tsallake, su kuwa suka amince. Ba na zarginsu. Abin da muka rasa su ma shi suka rasa.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Genivaldo ya tsaya a kan uwarsa.

"Mama, ciyawa ce fa. Ciyawa! Kin kori mutumin da ke ciyar da mu saboda ciyawa?"

"Ba shi ke ciyar da mu ba. Ita ke ciyar da mu, har da shi."

"To ki ji da kyau. In babu mai saye, ba ni da zama a garin nan. Gonakin waken suya na Bahia zan tafi kamar sauran maza. Ki zaɓa."

Na ga hannunta ya tsaya cak a kan allura.

"Ban haife ka don in kore ka ba, ɗana. Amma almakashi ba zai shiga fadamar nan ba sai ta nuna."

Kafin damina ta faɗi ya tafi.

Jucélia ta daina yi wa kakarta magana sai gaisuwa. Ta bar hujin kunnenta ya toshe. Wata rana bayan an tashi daga makaranta ta ƙi fita daga aji, ta zauna tana kankare tebur da farce.

"Malama, Kaka ta fi son ciyawa a kan Baba."

Na ce mata ban ga alamar haka ba. Ta girgiza kai, sannan a hankali ta ce, "Da ban sa tsinken nan a kunne ba, da yana nan." Na rungume ta na ce ba laifinta ba ne. Amma cikakkiyar amsar maganarta ta farko ba ni da ita a lokacin, ban kuwa ƙirƙiro mata ba.

Shekarun da suka biyo baya sun yi tsanani, duk garin shaida ne. Dona Leocádia, da tsufanta, ta riƙa ɗaukar kaya a kwando ta taka har mararrabar da motocin masu yawon buɗe ido ke tsayawa shan ruwa. Wata rana a sayi 'yan kunne biyu, wata rana ta dawo da kwandonta yadda ta tafi da shi. An ci garin rogo da ruwan barkono a gidan da a da ake soya nama. Nilza, wadda aka bari da yara ba miji, ba ta ɓoye haushinta ba. Takan dire kwano a gaban surukarta ta ce, "Ga abinci, Mama. In bai isa ba a ƙara da kan ciyawa, an ce akwai albarka a ciki." Tsohuwa ta cinye abinta ta ce ya yi daɗi.

Sai kuma masu satar yanka suka taso, domin farin kai ya yi kasuwa. Duk watan Agusta, Dona Leocádia ta mayar da wurin aikinta bakin fadama. Da kujerarta, da laimarta, da kwanon jiƙa ciyawa, tun safe har yamma. Masu kiwo sun ba ni labarin ranar da wani ƙato ya sauko daga babur da buhu.

"Kai, ɗan gidan Zeferina! Ni na yanke maka cibiya. Ajiye wuƙar nan ka zo ka gaishe ni."

Ya zo ya gaishe ta, ya sha ruwan gorarta, ya koma da buhunsa wayam.

Dona Leocádia, ke ce kika zauna cikin rana kina gadin abin da ba ya iya gudu. Ke ce kika ji ɗanki ya ce ki zaɓa, kika zaɓi abin da zai sa ya yi fushi da ke. Mun ga idonki yana bin kowace motar da ta taso daga gabas, mun kuma ga kin mayar da shi kan allura. Uwar fadama, mai almakashin da ya san lokaci.

Fadamar tsallake ba ta mutu dare ɗaya ba. Shekarar farko an sha biki, an yi rufin kwano. Daga nan ciyawa ta fara yin sanƙo, nan kaɗan, can babu. Kafin a farga matan birni sun gaji da farin kai sun koma wani yayin, Seu Osmar bai sake haye rafi ba.

Wani girbi, ana tsakiyar yanke kawuna, sai ga Dona Zeferina, mutuniyar tsallake, ƙawar tsohuwa tun suna 'yan mata, ta tsaya daga nesa tana murɗa bakin zanenta.

"Leocádia, na zo ne, amma bakina ya yi nauyi."

"Bakinki? Yaushe aka fara? Matso, tsohuwar banza, rana na dukanki."

Ta matso. Ta ce ba su da abin ɗinkawa, ko dami ɗaya a taimaka mata. Dona Leocádia ta ba ta dami uku. Sannan ta sa aka ware wani kaso na kawunan da aka yanke aka zuba a buhu.

"Wannan na fadamarku ne. Ki watsa kafin ruwan farko, kuma ki zauna a kai kamar kaza. In na ji an yanka ɗanye, da ƙafata zan zo."

Jucélia ta kasa yin shiru. "Kaka! Su fa suka karɓi aikin da ya sa Baba ya tafi!"

"Su ne. Ɗauki buhun ki raka ta, bayanta ba ya son kaya."

Yarinya ta ɗauka tana kumbure-kumbure. Ta haye rafi, ta ga fadamar da ta zama fili sai ƙasa baƙa. Ta ga gidaje masu sabon rufi an datse su da kwaɗo, domin a can ba maza kaɗai suka tafi ba, har mata da yara. Ta tambayi inda ƙawarta Ivanete take, aka ce sun koma birni gaba ɗaya, ba abin da za su dawo su yi. Ta dawo gida. Washegari ta miƙa wa kakarta kunne ta ce a sake huda mata.

Genivaldo ya dawo a girbin da ya biyo, ya rame, yana tarin da feshin gona ya bar masa. A lokacin matan garin sun haɗa kai suna sayar da kayansu da kansu, ga masu saye da ke tambayar yaushe aka yanka. Bai shiga gida ba, fadama ya nufa, ya tarar da ita ta cika tana ƙyalli har inda ido ya tsaya. Uwarsa ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba sa ba ku abinci ne a can?"

"Wake ne, Mama, har bakin sama. Amma ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga tukunya."

Ta miƙa masa almakashi. Ya karɓa ya durƙusa ya fara yanke kawuna. Tarin bai sake shi ba har yau, amma shi ma bai sake barin garin ba.

Mun gode, Dona Leocádia. Mun gode da shekarun garin rogo da barkono, da buhun da kika aika tsallake, inda yanzu ciyawa ta fara leƙowa. Ku masu sana'ar hannu, kowa ya san abin da yake iri a cikin sana'arsa, ya hana kansa sayar da shi ko da mai saye ya zo da mota. Ku kuma masu sa 'yan kunne, ku riƙa tambaya yaushe aka yanka, kuma me aka bari a ƙasa.

A girbin bana na je taya su watsa kawuna. Tsohuwa na zaune ƙarƙashin laimarta, ba ta gani sosai, amma tana jin ƙarar almakashi tana gyaɗa kai. Jucélia, wadda yanzu ta kusa kamo ni tsawo, tana gefena tana watsa iri da hannu biyu. Ba tare da na tambaye ta ba ta ce:

"Malama, kin tuna abin da na faɗa miki a aji? Ba haka ba ne. Kaka ba ciyawa ta zaɓa ta bar Baba ba. Wurin da zai dawo ta ajiye masa."