Gadaje Arba'in na Tofazzal Mia

Maƙwabcina Tofazzal Mia shekara talatin da ɗaya ya yi a teku. Ya bar ƙauyensu a Noakhali gemu bai fito masa ba, ya dawo da furfura da ciwon gwiwa da wani kamfas na tagulla mai nuna gabas da yamma, wanda ko kasuwar kifi za shi sai ya duba. In ya zauna aski a rumfata a nan Kidirpur, unguwar tashar jiragen ruwa, sai ya ce ko an ɗaure masa ido zai nuna inda garin Aden yake da yatsa. Ni kuma in ce ya fara nuna mini inda ya yar da takalminsa.

Bara wasu Turawa masu son lada suka gina wa ma'aikatan jirgin ruwa masauki a layinmu, don a raba su da kwanan rumfunan bakin tasha inda ake kwashe musu kaya. Gida fes, ga famfo, ga shinkafa da kifi sau biyu a rana, ga gadajen ƙarfe arba'in an ɗaure su a ƙasa da kusoshi kamar a jirgi. Aka ba Tofazzal riƙon gidan, har da ɗaki a bakin ƙofa shi da matarsa Korimon Bibi. Ranar ko gaisuwata bai amsa ba, saboda girma ya zo.

Wata biyu babu wanda ya kwana. Mutane su shigo da akwatunansu, su leƙa, su yi masa sallama cikin ladabi su fice. Kyaftin Holroyd, shugaban Turawan, ya ce in jirgin Laraba ya sauke mutane gidan bai samu kowa ba, za a mai da shi sito na rama. Ɗakin Tofazzal ma ya tafi ke nan.

Ranar Talata ina yi wa wani ma'aikacin jirgi mutumin Silet aski, Irfan Ulla, na tambaye shi me suke gudu a gidan. Ya ce ai kowa a tasha ya sani, duk gadajen ƙafarsu na yamma, wato alƙiblarmu a ƙasar nan. Wa zai miƙe wa Ka'aba ƙafa saboda shinkafa? Sun ɗauka da gangan aka yi, kuma kunyar tsohon ta hana su faɗa.

Na bar shi da rabin gemu na ruga.

"Kawu, ara mini kamfas ɗin nan naka," na ce da Tofazzal. Na ɗora a kan gado na ɗaya. "Mai nuna Aden ido rufe, ina ƙafar gadon nan ta dosa?"

Ya duba, ya sake dubawa. Shi a tabarma yake kwana, bai taɓa hawa gadajen ba.

"Innalillahi. Kai ɗan wanzami, daina dariya ka nemo mini sifana!"

Kafin azahar layin ya ɗauka. Maƙeri ya zo, masu dako suka zo, Irfan Ulla ya zo da rabin gemunsa. Korimon Bibi na bakin ƙofa tana faɗa wa duk mai wucewa cewa ita tun ranar farko ta lura, ƙarya take. Tsohon da ke ɗingishi sai ga shi bisa gado yana ba da umarni kamar ana ɗaga anga, ƙarfen tsai da jirgi. Gadaje talatin da takwas suka juyu, biyu suka ƙi shiga, aka fitar da su baranda.

Laraba Kyaftin Holroyd ya zo da mai awon sito. Bai samu wurin sa ƙafa ba: akwatuna, butoci, wani da aku a kafaɗa, mutum biyu na rigima kan gadon baranda. Ya tambaya wa ya taɓa masa gadaje. Tofazzal ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin ne ya saki hanya, na gyara masa." Baturen ya dubi taron, ya sallami mai awo.

Yanzu Tofazzal cewa yake shi ya gano da kamfas ɗinsa. Ina ƙyale shi, sai in aska na kan maƙogwaronsa, sannan in tambaye shi ina yamma.