Ranar da Na Hau Soro

Ko tsufa zai sa in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin ranar da na hau kan soron ɗakina da daron ƙasa a ka za ta fita daga raina. Shekaru sun ja, yaran da na yi abin dominsu har sun fi ni tsawo, amma in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi kamar jiya aka yi. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na yaye ɗana na huɗu na shiga ajin manya, don haka yadda maganar take a bakina haka zan rubuta ta.

A cikin birnin Katsina muke haya, ɗaki biyu, ni da maigidana da yara huɗu. Shi gyaran janareto yake yi a wani shago. Duk shekara mai gidan hayar sai ya ƙara mana kuɗi, alhali ko ƙusa bai taɓa bugawa a gidan ba. Da abin ya ishe mu, maigidana ya zo da shawara. Akwai tsohon gidan kawunsa da ya rasu a wani ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada, magada sun ce mu shiga mu zauna don kada ya zama kango. Ba haya, hatsi da araha, ga fili yara su sake. Shi kuma kullum zai hau babur zuwa Kankiya, ya ajiye shi a tasha, ya shiga motar Katsina, da yamma ya dawo. Na ce to. Ni ma na gaji da sayen ruwa a jarka da jiran layin banɗaki da matan haya.

Bayan kaka muka tare. Gidan ƙasa ne, ɗakunan soro, katangar gabas duk ta zube. Ba mu roƙi kowa ba, sai ga mazan unguwa da fartanyoyi da jakai, suka kwaɓa ƙasa, suka tayar da katangar a yini guda. Gayya ke nan. Na dama musu kunu, na tuƙa tuwo. Maigidana ya tsaya da farar rigarsa yana ta zuba godiya, washegari da asuba ya buga babur ɗinsa ya tafi.

Abin da ya kasa ganewa, ko ya gane ya toshe kunne, shi ne gayya ba kyauta ba ce. Yau an fito maka, gobe kai za ka fito wa wani. Aka yi gayyar gyaran katangar masallaci, yana Katsina. Aka ɗora wa wani jinkar rumbu, yana Katsina. Mahaifin maƙwabcinmu ya rasu da hantsi, aka haƙa kabari, aka kai shi, aka yi zaman makoki, shi sai da aka kusa tashi daga zaman ya je gaisuwa, ita ma a tsaye, bai ko kashe babur ɗin ba. Asabar yana aiki, Lahadi ya ce jikinsa ya mutu, barci zai yi. Har suna suka sa masa a garin, wai Mai Kwana.

Na yi magana har bakina ya gaji. Na ce, "Malam, mutanen nan fa suna kallonka." Sai ya ce, "To in zauna in yi ta kwaɓa ƙasa, wa zai ciyar da ku? Ai sun san ni ma'aikaci ne." Ma'aikaci! Kamar su da suka gina masa katanga ba su da abin yi.

Akwai wata tsohuwa da muke katanga ɗaya da ita, Inna nake ce mata. Da bazara ta shigo, zafi ya tsananta, ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, soron ga naku ya daɗe bai ga yaɓe ba. In ba a yaɓe shi kamin ruwa ya sauka ba, azara za ta jiƙa, ɗaki ya zauna muku a kai." Mu da muka saba da rufin kwano, ina muka san ana yi wa rufi sabuwar ƙasa? Na faɗa wa maigidana. Ya sa aka kawo ƙasa da jakai aka jibge a tsakar gida, ni da hannuna na zuba mata ciyawa da ruwa, na tattake ta, na bar ta ta jiƙu. Ya bi mutum biyu uku da maganar a taimaka. Kowa ya ce masa in sha Allahu. Wanda ya zauna ƙauye ya san irin wannan in sha Allahun, wadda ake faɗa ana kallon gefe. Ba wanda ya zo.

Sai ruwan farko ya sauka. Ba wani mai yawa ba ne, amma ya ishe ni ganin abin da ke tafe. Ruwa ya riƙa ɗiga a kan katifar yara, wani curin ƙasa ya ɓallo daga sama ya faɗo daidai inda autana yake kwanciya. Da a lokacin yana wurin, da wani labarin nake ba ku. Da rana ta fito na ɗaga kai, sai ga tsaga a rufin har ina hango haske. Inna ta ce ruwan farko yakan ɗan ba da tazara, in aka yaɓe yau rana za ta busar kafin na biyu, in aka wuce haka kuwa kowa ya tafi shuka, ba mai waiwayarmu. Gidan hayar Katsina kuma tuni wasu sun shiga. In ɗakin nan ya faɗi, ba mu da inda za mu sa haƙarƙarinmu.

Na kira maigidana a waya. Ina jin ƙarar inji a bayansa. Ya ce, "Ki jera bokitai, Lahadi zan duba." Na ce, "Bokiti ne zai tare azara?" Ya ce yana da aiki a gabansa, ya kashe.

A nan raina ya gama ɓaci. Na ji haushinsa, na kuma ji haushin mutanen garin. Shi ya yi laifi, na yarda. To yarana me suka yi? Dattawa da gemunansu, suna sallah sahu ɗaya, sun zuba ido suna jira ɗaki ya danne mace da 'ya'yanta don su koya wa mijinta hankali.

A garin akwai al'ada, duk namijin da zai hau soro sai an bi maƙwabta an sanar, domin daga sama ana ganin tsakar gidan kowa, mata su kimtsa. Na ce to, ni ma zan bi al'ada. Na zura wandon maigidana a ƙarƙashin zanina, na sa hijabi, na nufi bakin masallaci bayan azahar, lokacin da maza suke zaune a inuwar bedi. Mace ba ta zuwa wurin. Da suka hango ni hira ta tsaya.

Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata. Mai unguwa ya ce, "Lafiya, ɗiyata? Mi ya faru?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sanarwa na kawo. Zan hau soro yanzu in yi yaɓe. Kowa ya faɗa wa iyalinsa. Ko da yake mace ce za ta hau, matanku ba su da abin ɓoyewa, sai dai ku."

Wani daga gefe ya yi dariya ya ce, "Ina Mai Kwanan? Ko shina can shina gyara wa 'yan birni wuta?"

Na juya na dube shi. Na ce, "Yana can. In ya dawo ka tare shi ka faɗa masa duk abin da ke ranka, ni ma zan taya ka. Amma ɗan da ƙasa ta kusa faɗo wa jiya bai taɓa ƙin zuwa gayyar kowa ba, ko tafiya bai gama iyawa ba."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai unguwa ya ce, "Ki koma gida, za a duba." Na ce, "Ranka ya daɗe, an daɗe ana dubawa." Na tashi na tafi.

Ba su ɗauka da gaske nake ba. Na ari tsani wurin Inna, na jingina, na cika daro da ƙasa, na ɗora a ka. Ban taɓa hawa abin da ya fi turmi tsawo ba, amma haushi ya fi tsoro ƙarfi. Da na kai sama sai ga garin duka a shimfiɗe, kowane gida a buɗe. Mata suka bar daka suka ɗaga kai. Wata ta ce, "Ke matar ɗan birni, wandon wa kika sa?" Na ce, "Na mai shi ne, na ga ba ya amfani da shi." Dariya ta tashi gida gida, har bakin masallaci ana ji.

Na fara shafa ƙasa a tsagar da tafin hannu, ban ma iya ba, ina yi tana zamewa. Ban sauko ɗaukar daro na biyu ba sai ga mazan sun cika ƙofar gida, mai unguwa a gaba. Ya ce, "Sauko, don girman Allah. Masu wucewa kasuwar Kankiya na ganinki, za a ce garin ga babu maza."

Na ce, "Sai wani ya hau zan sauka."

Wanda ya yi mini dariya a bakin masallaci, shi ya fara taka tsanin, fuskarsa a murtuke. Wasu suka bi shi. Na sauko, na ɗora tukunyar kunu. Kafin rana ta faɗi sun yaɓe ɗakunan biyu, sun gyara indararo. Da za su tafi mai unguwa ya tsaya a zaure ya ce, "Ki faɗa wa mijinki ba don shi muka yi ba." Na ce, "Na sani. Ba kuma don yarana kuka yi ba, don kada a yi da ku ne." Ya juya ya fita.

Maigidana tun a tashar Kankiya labari ya same shi. Ya shigo da magariba yana huci, wai na tozarta shi, na sa an mayar da shi abin dariya a mota. Na bar shi ya gama. Sannan na kama hannun rigarsa, na kai shi ɗaki, na nuna masa curin ƙasar nan, don da gangan na ƙi share shi daga shimfiɗar yaron. Na ce, "Ɗauka ka ji nauyinsa." Ya ɗauka. Daren nan tuwon ma kaɗan ya ci.

Bayan 'yan kwanaki ruwa na biyu ya zo da iska, irin wanda ke karya rassa. Ko ɗigo bai shigo mana ba. Da aka kira gayyar noma a gonar wani da ke kwance ba lafiya, maigidana ya nemi izini a wurin aiki, ya ari fartanya ya fita. Ya dawo tafin hannunsa duk ya yi bororo, yana ɗingishi, mazan garin suna ta tsokanarsa wai kunyar da ya ja a gonar ta karkace kamar hanyar maciji. Ban tausaya masa ba, ruwan zafi kawai na miƙa masa.

Har yau muna garin, har yau yana zuwa Katsina yana dawowa, kuma har yau in na haɗu da wasu daga cikin dattawan nan gaisuwata ba ta wuce ta farilla. Abin da na koya shi nake faɗa wa duk macen da ta ce mini za su gudu daga tsadar birni su koma ƙauye. Arahar gaskiya ce, amma ƙauye yana karɓar hayarsa, da jikin mutum yake karɓa, a bakin kabari da gona da gindin katanga. In mijinki kwana kawai zai riƙa zuwa yi, ki zaunar da shi tun kafin a ɗaure kaya ku yi magana, domin ranar da gari zai juya masa baya shi yana cikin mota, ke da 'ya'yanki ne a ƙarƙashin rufin.