Sajen da Bai Buɗe Biro Ba

Ta bayan bango ake jin muryar shugaban ofishin 'yan sandan: "Masu auna aikinmu suna tafe, kai kuma kana tara mini ƙararrakin da ba a warware ba. So kake mu zo na ƙarshe?"

"Yallaɓai, mutane ne ke kawowa."

Sai aka doki tebur.

Matar wani direba tana zaune a benci da hoton mijinta, wanda tun shekaranjiya ya fita da motar haya bai dawo ba. Wanda aka yi wa faɗan ya fito: saje ne mai furfura a gefen kunne, kakinsa ya sha guga har ya koɗe, gumi ya jiƙa masa wuya. Ta kai masa ƙararta. Yana sauraronta, har da gyaɗa kai, amma biron hannunsa a rufe yake. Juya shi kawai yake tsakanin yatsu, idonsa na komawa ƙofar maigidansa.

Ba ta ga mugunta a fuskarsa ba, kuma wannan ne ya fi tsinka mata zuciya. Tsoro ta gani, irin na magidancin da ya kusa ritaya, wanda canjin wurin aiki zai wargaza masa gida. In shi ma a tsorace yake, wa zai nemo mata miji?

Ya rako ta bakin ƙofa, ya rage murya. "Ƙanwata, ki dage da addu'a, ki dawo in wata ya ƙare. A wannan watan babu wanda ya ɓata a yankinmu."