Kofin da Malam Ya Yaba

Mutanen Salaga na wancan zamani sun san ni da abu biyu, fataucin goro da haukan kayan shayi. Goro gado ne. Haukan kuwa ni na jawo wa kaina, a shekarun nan kafin yaƙin Turawa na biyu, lokacin da tangaran ɗin Japan ya fara shigowa kantunan Larabawan Sham a Kumasi. Ranar da na fara ɗaga kofinsu na ji ba shi da nauyi, kamar ɓawon ƙwai, daga nan na kamu. In na sayo, a cinyata yake tafiya cikin ƙaiƙayi, tun daga Kumasi har mu haye ruwa a Yeji. Matata takan ce ko ɗanmu na fari ba ta ga na rungume shi haka ba.

Ba mu da yawa, mu masu wannan ciwo, kuma a warwatse muke, wani a Yendi, wani a Gushegu, wani can Bawku. In mun haɗu, kafin a tambayi lafiyar iyali an tambayi lafiyar kofuna. Mukan ƙwanƙwasa kofi da farce mu saurari amonsa, mu kifa shi mu duba hatimin gindinsa, sannan mu ɗaga wa rana mu ga ko inuwar yatsa za ta fito ta bayansa. Wanda bai san shayi ba ya ce ba mu da aikin yi. Allah ya shirye shi.

A cikin kayana akwai ɗaya da muke kira mai fuska. A ido, farin kofi ne mai zanen gora a jiki. Amma in ka shanye shayin ka ɗaga shi ga haske, sai fuskar wata mace ta fito a gindinsa, da gashinta a ɗaure da idanunta, kamar tana leƙo ka. Al'adarmu kuwa ba a gaya wa baƙo. Sai ya shanye a ce masa ya ɗaga, kowa ya zuba ido ya ga yadda zai zabura.

Ina da malami a Yendi. Shekaru na yi ina karatun tafsiri a gabansa, duk lokacin da fatauci ya kai ni arewa, har na kai ƙarshe, saura kawai ya naɗa mini rawani. Wannan rawanin mahaifina ya mutu da burinsa bai samu ba, ni ma babu abin da nake so a duniya kamarsa. Malam mutum ne mai sauƙi a komai, ban da abu ɗaya: hoton mai rai. Akwai wani ɗalibinsa da ya riga ni, ya ɗauki hoto a Kumasi ya rataye a ɗaki. Malam ya shiga, ya gani, ya juya ko ruwa bai sha ba, kuma har ɗalibin nan ya yi furfura kansa bai ga rawani ba.

Sai ga saƙo cewa Malam zai zo Salaga ta'aziyya, kuma a gidana zai sauka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na ɗauke mai fuska daga cikin 'yan'uwansa, na naɗe shi a tsumma na tura bayan huhunan goro.

Ana wata ga wata. A wannan makon abokina na Bawku ya iso da shanunsa zai wuce Kumasi, ya sauka wurina kamar yadda ya saba. Mutumin kirki ne, hannunsa a shayi babu na biyu, amma bakinsa ba ya jiran kansa. Shi zai dafa, domin ɗalibi ba ya barin gaban malaminsa ya koma bakin murhu. Ya ƙirga kofuna da ido ya ce, "Mai gida, ina kofi mai mata nan? Ya tafi ina?"

Na ce, "Bar wannan. Yau kada ka taɓa shi."

Ya yi dariya. Da ma a cikinmu kowa haka yake faɗi a kan kofin da ya fi so, kuma aikin abokin kirki ne ya tona rowarka a gaban baƙi. Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai aka yi sallama a ƙofa, Malam ya iso. Na fita da gudu na riƙe masa linzamin doki.

Bayan la'asar muka zauna a zaure. Malam yana kan buzu yana fuskantar ƙofa, dattawan unguwa suna gefensa, ni kuma na durƙusa a gabansa, rana tana dukan bayana. Ya fara tambayata a kan wata aya, ina amsawa, sai abokina ya shigo da tire. Na ɗaga ido na ga zanen gora a tsakiyar kofuna. Da hannu biyu ya miƙa wa Malam, ya kuma kashe mini ido, wai shi ya yi mini gwaninta.

Da zan iya da na tashi na fizge. Amma ɗalibi ba ya miƙewa malaminsa na magana, balle ya karɓe abin da ke hannunsa. Na zauna ina kallon shayin nan yana raguwa. Malam ba mai gaggawa ba ne, ya kurɓa, ya yi tambaya, ya sake kurɓa. Ayar da na sani kamar sunana sai da na yi tuntuɓe a cikinta, har ya ce, "Ɗana, yau ina hankalinka?" Na ce gajiyar hidima ce. Abin da nake roƙon Allah ɗaya ne, ya shanye ya ajiye, domin in ba a ɗaga wa haske ba babu abin da ake gani.

Ya shanye. Hannunsa ya nufi ƙasa, na fara sakin numfashi.

"Malam, kar ka aje shi tukuna," in ji abokina. "Ɗaga shi ga rana. Duba ciki, ka ga aikin mutanen Japan."

Na harare shi har idona ya yi zafi, shi kuwa sai washe baki yake. Wallahi a lokacin da an ba ni wuƙa da shanunsa sun rasa mai su.

Malam ya ɗaga kofin saitin ƙofa, ya kawo shi kusa da fuskarsa. Daga inda nake ba na ganin cikin kofin, amma ina ganin dattawan. Na kusa da shi ya leƙa, ya kai hannu baki. Wani ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na ce a raina shi ke nan, karatun shekaru ya tafi a gindin kofi.

Malam ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Masha Allah. Fari fat, babu ko ɗigo."

Na ɗauka gatse ne, na jira saukar aradu. Amma murmushi yake yi. Ya sauke hannu zai ajiye kofin, sai ya wuce tiren, yatsunsa suna laluben bakinsa a kan tabarma. A nan na dubi idanunsa da kyau, abin da ladabi ya hana ni yi shekara da shekaru, na ga farar yanar ido ta rufe baƙin. Ashe Malam ba ya gani, sai dai haske da duhu. Abokina ya buɗe baki zai ce wani abu, shi ma ya gane, ya rufe. Na tsira, amma ban ji daɗin tsirar ba, tausayi ne ya cika ni.

Malam ya shafa bakin kofin da babban yatsa ya ce, "Ban taɓa shan shayi a abu mai daɗin leɓe kamar wannan ba."

Kowa a zauren ya san abin da ya biyo baya. Abin da malami ya yaba a gidan ɗalibinsa ya zama nasa. Bakina ya riga tunanina, na ce, "Allah ya gafarta Malam, naka ne." Ya sa mini albarka, ya tura kofin cikin aljihun rigarsa.

Gaba kura baya sayaki. Kofin nan zai je Yendi, Malam zai sha shayi da shi a gaban ɗalibai masu lafiyar ido, da wasu malamai da ba sa ƙaunarsa. Wata rana wani zai ɗaga, a ce ga mai hana hoto yana shan shayi da mace a hannu. In na yi shiru, mai yiwuwa in sami rawanina kafin asiri ya tonu. In na faɗa, na tona kaina, na kuma nuna masa mun gane abin da yake ɓoyewa. Da aka kira magariba dattawa suka fita alwala, babu wanda ya yarda muka haɗa ido. Abokina ya kwashe tire ya sulale.

Na matsa kusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, kofin nan akwai fuskar mace a gindinsa. In an ɗaga wa haske take fitowa."

Bai motsa ba. Ya ce, "Da na ɗaga, ta fito?"

"Ta fito."

"Duk sun gani?"

"Sun gani, Malam."

Na ji ana tayar da iƙama a masallacin unguwa. Sannan ya zaro kofin, ya miƙo shi ba daidai inda nake ba, na kai hannu na tare. Ya ce, "Hukuncin wannan na karantar da kai, ba sai na maimaita ba."

Na ce, "Na ji, Malam." Na jira sauran.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, bai saki ba, na gane so yake in ja shi zuwa masallaci. Muna bakin ƙofa ya ce a hankali, "Da na ce maka sai bayan damina. Kada ka jira damina. Ka biyo ni Yendi cikin watan nan, ka zo da ƙyallen rawaninka, in naɗa maka tun ina iya ganin farinsa."