Daƙiƙa Takwas a Shagon Wendell Hruska

Ƙarfe bakwai Wendell Hruska yake buɗe shagonsa da ke bayan gidan wanki a titin Selkirk, ko da ƙanƙarar birnin Winnipeg ta kai gwiwa. Zai kakkaɓe takalmi, ya ɗora kofi, sannan ya bi sukundirebobinsa ɗaya bayan ɗaya yana kanga su ga allura. Wadda allura ta manne mata, ranar ba ita ba aiki, don maganaɗisu kaɗan ya isa ya shafe sautin da ya girmi mai shi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai rufe.

Tsofaffin akwatunan kiɗa yake gyarawa, masu madannai irin na piyano, kowane madanni da nasa zaren kaset a ciki. Ka danna, zaren ya ja, ka ji sarewa ko muryar mutum ta daƙiƙa takwas. Ka saki, sifirin ya mayar da shi. Makaɗa sun saba ɗaga yatsa tun zaren bai ƙare ba. Wendell kuwa in yana gwaji sai ya danne har ƙarshe, duk madannai talatin da biyar ɗin. Ozzie Fontaine, makaɗin da ya mayar da shagon wurin hira, yakan ce tsohon nan ko ƙararrawar ƙofa ya samu sai ya ji ƙarshenta.

Bara wata mata, Marguerite Desjarlais, ta kawo nata a bayan akori-kura. Mahaifiyarta Odile ce ta rera wa wata ƙungiyar kiɗa sautukan da ke ciki. Ta rasu Marguerite tana da shekara tara, kuma babu muryarta a ko'ina sai nan. Akwatin ya daɗe a ɗakin ƙasa mai danshi. Kanta a sunkuye ta faɗa masa cewa ɗoki ya sa ta danna madanni ɗaya a gida, muryar ta taso, sai ƙara, sai shiru. Ta miƙa hannu za ta nuna masa.

"Hannu a aljihu, 'yar nan," in ji shi. "Duk dannawar da kika yi, kankare ta kike."

Zarurrukan kaset ɗin duk sun yi danƙo. Ya cire su ya jera a na'urar busar da tuffa, zafi kaɗan-kaɗan har kwana biyu, Ozzie yana tambaya ko a kawo gishiri. Sannan ya yi mako uku a kan madannan, kowanne da kusoshinsa biyu, ya ɗan juya ya kasa kunne, ya sake juyawa. Talatin da huɗu suka dawo garau. Wanda ta danna ya riga ya kankaru. Ozzie ya ce a kwafo sautin na kusa da shi a ɗan ɗaga shi da kwamfuta a cike gurbin, ai ba za ta gane ba. Wendell ya ce shi ba ya sa wa mamaciya abin da ba ta rera ba a baki.

Kai ne, Wendell, mai kunnen da ba ya gaggawa. Abin yana ba mu mamaki har yau, mu masu kawo maka gyara, yadda ka tsaya kan zaren da kowa ya ce ya mutu.

Da Marguerite ta dawo, ta bi madannan tana jin uwarta tana share ido, amma ta tsallake ɗayan.

"Danna wancan," in ji Wendell.

"Ai shi na kashe, Mista Hruska."

"Danna dai. Kar ki ɗaga sai na ce."

Daƙiƙa shida babu komai sai shuuu. Sannan, a ɗan guntun da ba ta kai gare shi ba a gida, ƙarshen sautin ya fito, numfashin Odile ya ƙare, ta yi 'yar dariya. Babu makaɗin da ya taɓa jin dariyar nan, don babu wanda ya taɓa jira. Marguerite ta zauna a ƙasa, a nan cikin ƙurar shago.

Mun gode, Wendell, godiyar da ta daɗe ba mu furta ba. Duk mai sha'awar wannan sana'a ya je titin Selkirk kafin wata ya ƙare, ya zauna ya ga yadda ake riƙe kayan mutane. Marguerite ma ta ce a isar maka da tata godiyar. Ta ce ta manta ƙwarai cewa haka uwarta take dariya.